Bidiyon Intanet a Ƙasar Hausa: Daga Majigin Auduga zuwa YouTube

Bidiyon intanet suna ne da ya haɗa duk wani hoto mai motsi da ake ɗorawa a intanet don a kalla ta waya ko kwamfuta, tun daga fim mai dogon zango da waƙa da barkwanci da wa'azi, har zuwa 'yan guntayen da ba su cika minti guda ba. A ƙasar Hausa ya fara kafuwa ne bayan 2010, kuma kafin 2020 ta ƙare ya riga ya kori faifan CD daga kasuwa. Kano ce cibiyar masu shiryawa, amma yawancin masu kallon suna can warwatse a garuruwa irin su Daudawa ta ƙaramar hukumar Faskari a kudancin jihar Katsina, da maƙwabtanta na Ƙanƙara da Sabuwa. In aka bi tarihin ta irin waɗannan wurare, za a tarar tun zamanin Turawa har yau kallo bai taɓa isa ƙauye da ƙafarsa ba. Kullum akwai wanda ya ɗauko shi ya kawo, kuma zuwan intanet bai raba wannan mutumin da sana'arsa ba.

Majigi da sinima

Daudawa ƙasar auduga ce. A shekarun 1920 Turawan mulkin mallaka suka kafa gonar irin auduga a can, daidai lokacin da layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda, kamfanin BCGA kuma yana gurzar auduga a Funtuwa. Yankin da ke da irin wannan muhimmanci ga aljihun gwamnati, dole majigi ya san hanyarsa. Motar majigi takan iso gari da la'asar, a kai gaisuwa wurin hakimi ko dagaci, sankira ya zaga yana shela. Da duhu ya yi sai a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a tada inji, yara su zauna a ƙasa can gaba, manya su tsaya a baya. Mai bayani na riƙe da lasifika yana faɗa wa jama'a da Hausa abin da suke gani, kuma sau da yawa shi ne daɗin kallon, don yakan ƙara gishiri daga bakinsa. Abin da ake nunawa bai wuce tsabta da rigakafi da biyan haraji da noman zamani ba, daga baya aka ƙara rangadin Sardauna. Baban Larai, wanda aka shirya a tsakiyar shekarun 1950 kuma ake lissafa shi cikin finafinan Hausa na farko, don manoman auduga da gyaɗa aka yi shi, a zuga su su bi shawarar malamin gona. Ba a biyan ko kwabo, sai dai gwamnati ce ke zaɓar abin da ido zai gani.

Sinima kuwa ta birni ce. An buɗe Rex a Kano a 1937, Palace ta biyo baya a cikin birni a farkon shekarun 1950, kuma Kwarori masu gidajen ne suka gano cewa Bahaushe ya fi karkata ga fim ɗin Indiya a kan na Amurka. Auren dole, hamayyar mata biyu a kan namiji ɗaya, kunyar iyaye, duk abubuwa ne da ya sani a gidansu. Amma sinima ta yi baƙin jini wurin malamai da iyaye, kuma matar aure ba ta taka can. Talabijin ta fara a Kaduna a 1962, ta fito da su Ƙasimu Yero da Usman Baba Pategi mai Samanja, aka kuma yi fim ɗin Shaihu Umar a 1976 ƙarƙashin Adamu Halilu. Duk wannan bai taɓa ƙauyen da ba lantarki ba sosai. Can rediyon Kaduna ne sarki.

Zamanin kaset

A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, kuma daga nan ake fara ƙirga tarihin masana'antar da mujallar Tauraruwa ta raɗa wa suna Kannywood a 1999. Finafinan farko da yawa daga littattafan soyayya aka ciro su. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim, haka aka yi da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa. Sangaya na 1999, da Ali Nuhu da Fati Muhammad, shi ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙa da rawa ne ke sayar da fim, Wasila ya biyo a 2000 ya ƙara ɗaure zancen.

Kaset ya yi abin da sinima ta kasa, ya shiga cikin gida, ya isa ga matan kulle, waɗanda suka zama ƙashin bayan kasuwar. Tsarin cinikin ma abin lura ne. Furodusa ba kaset yake sayarwa ba, kwali yake bugawa. Dilolin Ƙofar Wambai da Bata su sayi kwalayen, su karɓi uwar kaset su kwafa da injinansu, su sa a kwali su sayar wa 'yan sari daga Katsina da Gusau da Maraɗi har Agadas. Ɗan sari ya sauke a Funtuwa ko Malumfashi, daga nan mai shagon haya da mai gidan kallo su ɗauka. Gidan kallo na ƙauye rumfa ce ta zana ko langa-langa, da benci da talabijin guda da ƙaramin janareta, yaro na bakin ƙofa yana karɓar kuɗi. Tun a wannan tsari kwafi ya zama halal a idon kowa, domin da kwafi aka gina kasuwar. Abin da ya ci masana'antar daga baya a nan aka shuka shi.

Bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim a ƙarshen 2000, ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A shekarar nan ta 2001 ne kuma wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya, ba wanda ya kawo wa ransa cewa ita ce za ta gaji kaset.

Bluetooth, memori da masu turi

Bidiyon waya na farko da ya girgiza Arewa ba fim ba ne. A 2007 wani hoton sirri na wata 'yar fim, wanda aka ɗauka da waya, ya fita ya bazu ta Bluetooth daga hannu zuwa hannu, ba intanet ba kanti. Hukumar tacewa ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim ta ɗauki matakai masu zafi, aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, aka ɗaure Adam A. Zango a 2007 da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen 2008, 'yan fim da yawa suka koma Kaduna da aiki. An hukunta masu shirya fim, amma abin da ya yaɗa hoton yana nan cikin aljihun kowa, kuma ba shi da ofishin da za a rufe.

Daga nan wayoyin Chaina masu arha, masu ɗaukar memori, suka cika kasuwa, sai ga sabuwar sana'a ta masu turi, waɗanda ake kuma kira 'yan dawunlodin. Shagon mai turi a gari irin Daudawa yawanci haɗe yake da na caji. Tebur ne guda, da kwamfutar cinya da ta sha jiki, da katako mai jeren soket an lafta masa wayoyi kowace da lambarta a manne, janareta na ƙugi a waje ko farantin sola a kan rufi. Yaro zai zo da memori a naɗe cikin takarda, ya ce Inna ta ce a sa mata ci gaban na jiya da wa'azi guda biyu, Yaya kuma ya ce a ƙara masa Indiya-Hausa mai faɗa. Mai shago ya san abin da kowane gida ke so fiye da yadda furodusan Kano ya sani. Cikin 'yan mintoci ya tura, a biya shi kuɗin da bai kai na faifai guda ba, da dare kuma fim ɗin ya bi gidan maƙwabta ta manhajar Xender kyauta.

Tsakanin 2014 da 2017 kasuwar CD, faifan da ya maye gurbin kaset, ta durƙushe. Dalilan sun taru ne: turi, da finafinan Indiya da kamfanoni irin su Algaita ke fassarawa da Hausa, waɗanda an kashe musu kuɗin da Kannywood ba ta iya kashewa, da rikicin Boko Haram da ya datse hanyoyin kasuwa na gabas, da matsin tattalin arziki na 2016. Rasuwar Rabilu Musa Ibro a Disambar 2014 ta zo a kan gaɓa, domin shi ne wanda faifansa ke sayuwa a ƙauye ko da na kowa ya yi kwantai. An kai samame shagunan turi, an ƙwace kwamfutoci, bai hana komai ba. A ƙarshe wasu furodusoshi suka sasanta da masu turin suna sayar musu da fim kai tsaye. An gwada komawa sinima a kantin Ado Bayero da ke Kano, aka gwada manhajar biyan kuɗi irin Northflix da ta fito a 2019, amma duka biyun na 'yan birni ne masu asusun banki.

Dogon zango

Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ita ta saba wa mutane da labari mai ci gaba mako-mako, da Daɗin Kowa, sannan Kwana Casa'in a 2019. Sai annobar korona ta 2020 ta kulle mutane a gida da waya a hannu. A shekarar Aminu Saira ya fitar da Labarina, Lawan Ahmad kuma ya fara Izzar So a tasharsa ta YouTube mai suna Bakori TV, sunan garinsu da ke maƙwabtaka da Faskari da Ƙanƙara. Izzar So, wanda marigayi Nura Mustapha Waye ya fara ba da umarninsa, ya nuna cewa za a iya sakin fim kyauta duk mako, ba dila ba kwali, kuma a mayar da kuɗi. Cikin ɗan lokaci kusan duk mai kyamara a Kano ya buɗe tasha. A shekarar nan dai waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta haifar da gasar matan aure masu ɗaukar kansu suna yi wa mazajensu rawa, malamai suka yi ta faɗa, bidiyoyin suka yi ta ƙaruwa.

Yadda kuɗin ke shigowa shi ya sake wa fim ɗin Hausa kama. YouTube, wanda aka kafa a 2005 Google ya saye a 2006, yana sa talla a kan bidiyo ya ba mai tasha kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar, kuma a 2018 ya sa sharaɗin cewa sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a shekara kafin ta cancanci wannan rabo. Farashin talla kuwa ya danganta da ƙasar da mai kallo yake. Bahaushe ɗaya da ke kallo daga Ingila ko Amurka ya fi mutum da yawa da ke kallo daga Funtuwa kawo kuɗi. Wanda ya karɓa ta turi kuma, ko da gidansu mutum ashirin ne suka taru a kan waya guda, a lissafin YouTube babu shi sam. Mai turi ya sauke sau ɗaya, an ƙirga kallo ɗaya, gari guda ya kalla. Wannan ne ya sa adadin da ake gani a ƙarƙashin bidiyo bai taɓa zama ma'aunin yawan masu kallon fim ɗin Hausa ba, kuma shi ya sa masu shiryawa suka koma neman talla da kansu. Ana tsakiyar rikicin gado sai a yanke, a sako mai maganin gargajiya ko mai sayar da filaye ko mai kayan mata.

An samu riba, an kuma yi asara. Waƙa da rawa, waɗanda aka shekara ashirin ana rigima a kansu, sun ragu a cikin fim ba tare da wata doka ba, don mawaƙa sun buɗe nasu tashoshin. Marubuci ya samu daraja, tunda labari ne ke dawo da mai kallo mako mai zuwa. Amma tunda tsawon kallo ne kuɗi, sai aka koyi jan labari kamar ƙosai da ruwa ya yi wa yawa: gaisuwa ta ci minti uku, mota ta shiga gida a nuna buɗe ƙofa da rufewa. Kuma labaran sun tattara sun koma ofis da gidan bene. Manomin auduga, wanda aka yi fim ɗin Hausa na farko-farko dominsa, da wuya a gan shi yanzu sai in ana son a yi dariya.

Ba fim kaɗai ke tafiya ta wannan hanya ba. Karatuttukan Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a Kano a 2007, sun fi yaɗuwa yanzu a kan lokacin da yake raye. Tsofaffin hotunan Mamman Shata, wanda ya yi zaman Funtuwa ya rasu a 1999, sun fito daga ma'ajiyar gidajen talabijin sun shiga wayoyin jikokin masu saurarensa. Waƙar siyasa ma ta koma can, kuma babban mai cin kasuwarta, Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙaramar hukumar Ɗanja ne a wannan yanki.

Abin da ya faru a Indunusiya

Ƙasar da tarihinta ya fi kama da wannan ita ce Indunusiya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi, kuma wadda Bahaushe ya fi sani ta wurin alhazan Jawa da taliyar Indomie ta teburin mai shayi. Su ma sun yi majiginsu na fili, wanda suke kira layar tancap. Talabijin ɗinsu ta gwamnati, TVRI, a 1962 ta fara, shekara ɗaya da ta Kaduna, tashar 'yan kasuwa ta farko, RCTI, ta zo a 1989, daga nan wasanninsu masu dogon zango da ake kira sinetron suka mamaye dare. Kiɗansu na talakawa, dangdut, ya sha daga finafinan Indiya kamar yadda waƙoƙin Kannywood suka sha. A 2003 rawar wata mawaƙiya, Inul Daratista, ta bazu ta faifan bidiyo na kwafi, malamai da babban mawaƙin dangdut Rhoma Irama suka yi mata ca, aka yi ta muhawara har aka kafa dokar hana batsa a 2008. Gwamnatinsu ta toshe TikTok na kusan mako guda a Yulin 2018.

Inda hanya ta rabu shi ne wajen kuɗi. Indunusiya na da mutum fiye da miliyan 270 da harshen ƙasa guda, lantarki ya kai kusan ko'ina, kuma akwai manyan kamfanonin cikin gida masu neman inda za su sa talla. A 2019 Atta Halilintar ya zama na farko a kudu maso gabashin Asiya da ya tara mabiya miliyan 10 a YouTube, taurarin talabijin irin su Raffi Ahmad suka mayar da tashoshinsu kamfanoni. Ciniki ta bidiyo ya yi ƙarfin da sai da gwamnati ta rufe kantin TikTok a Oktoban 2023 don kare 'yan kasuwa, kamfanin ya dawo ta hanyar sayen kaso mafi yawa na kantin intanet na Tokopedia. Mai kallo a can yana kan layi, ana ganinsa, ana sayar masa da kaya. Na ƙasar Hausa rabinsa a memori yake.

Tsaro, datse layi da hukuma

A yankin Daudawa bidiyon waya ya daɗe da wuce nishaɗi. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, kuma kafin a sako su ranar 17 ga wata, wani bidiyo da ya nuna yaran a daji ya zaga duniya. Tun daga nan hotunan hari da na zaman sulhu da na 'yan bindiga suna nuna kuɗi da makamai a TikTok suka zama abin da ake turawa a WhatsApp kowace rana, na gaskiya da na ƙarya a cakuɗe.

A Satumban 2021 gwamnatin Katsina ta Aminu Bello Masari ta sa aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da Bakori da Funtuwa. An hana sayar da fetur a jarka, an kuma hana sana'ar cajin waya a wuraren da abin ya shafa, wato an taɓa janareta da teburin caji, ƙafafu biyun da shagon turi ke tsaye a kansu. Ba a fara maido da layin ba sai cikin Disamba. A watannin nan garin da Bakori TV ta ari sunansa ba ya iya buɗe Bakori TV. Wanda ya yi tafiya zuwa inda akwai sabis shi ke dawowa da saƙonnin 'yan uwa da ci gaban fim a waya, a bi shi a karɓa.

TikTok kuwa ya kawo abin da ba a saba da shi ba, wato suna ba tare da ubangida ba. A da sai yarinya ko saurayi ya je Kano, ya yi rajista da ƙungiya, ya bi furodusa. Yanzu waya da data sun isa, daga kowane ƙauye. Hukumomin Kano sun bi abin da kotu da Hisba. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare ta sa aka yi wa wasu matasa biyu bulala ashirin-ashirin kan bidiyon barkwanci da suka yi wa Gwamna Abdullahi Ganduje, kuma a farkon 2024 taƙaddama kan yadda Hisba ke kamen 'yan TikTok ta kai Sheikh Aminu Daurawa ga ajiye muƙaminsa na shugabancinta na 'yan kwanaki kafin a sasanta. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, abin da ya ƙara tura masu ƙaramin ƙarfi wurin mai turi. A watan Mayun shekarar Hukumar Tace Finafinai ƙarƙashin Abba El-Mustapha ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ana sakinsu ba tare da an kawo an tace ba. Masu shiryawa suka je aka zauna, domin a Kano ofisoshinsu da wuraren ɗaukarsu suke, nan ne kuma hannun hukumar ke iya kaiwa.